Na Zata Irin Bashin Dankali Ne

Laranto, Jos, 4 ga Yuni

Assalamu alaikum Babana, ɗana na kaina. Ya Kaduna, ya aiki, ya zafin garinku? Da fatan kana lafiya kana cin abinci. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama ba dare ba rana. Ƙafar mahaifinka ta yi sauƙi, har masallaci yake takawa yanzu.

Katin bankin nan da ka bar min, wanda ka ce na bashi ne, ya yi mana rana. Da shi na biya asibiti dubu ɗari da ashirin. To akwai abin da ban faɗa maka ba. Dankali ya yi araha a kasuwar Farin Gada, raina ya biya, na je wajen mai POS na ciri dubu tamanin na ƙara buhu biyu a kan kayana. Kar ka damu, ina biya. Tunda lambata ka sa, meseji yana shigo min wai a biya aƙalla dubu goma. Ni sha biyu nake ba su, don su san ɗana ba matsiyaci ba ne.

Haka nake yi da Mwadkon, manomin Bokkos da ke kawo min kaya shekara goma sha ɗaya. In na samu in rage masa, ya yi godiya. Ba mu taɓa faɗa ba.

Ka gaida abokan aikinka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifiyarka, Tabawa

Laranto, 29 ga Satumba

Salamu alaikum Babana. Ya jikinka, ya haƙuri da mu? Mahaifinka yana gaishe ka.

Tun da muka gama waya jiya ban iya cin tuwo ba. Ba ka yi min faɗa ba, amma na ji muryarka. Wai sun yanki dubu talatin a albashinka, kuɗin da kake tarawa na haya, ga mai gida yana jira Disamba. Wannan laifina ne, bari in faɗa maka yadda aka yi.

Watan jiya kasuwa ta tsaya, ruwa ya ruɓar min da rabin buhu. Ranar biya ta zo ba ni da shi. Sai na je wajen mai POS na ce ya gaya wa mutanen banki su yi haƙuri zuwa sati biyu, tunda shi ne nasu a unguwa. Ya ce to. Ashe to ɗin kawai ya faɗa, shi ma bai san kowa a can ba.

Yau na nuna wa Ana mesejin, maƙwabciyata a rumfa, mijinta ma'aikacin gwamnati ne ya taɓa riƙe irin katin. Ta zaunar da ni kan buhu ta yi min bayani. Wai dubu goman nan ba ragi ba ne, kusan duka kuɗin ruwa ne, uwar kuɗin tana nan zaune. Wai cirar tsaba ma ruwanta ya fi, kuma makara tara ce daban. Bayan duk abin da na zuba, da wanda suka yanka maka, saura dubu ɗari da sittin. Wai sai an biya duka kafin ranar biya, shi ne babu ruwa.

Abin da ya fi cina, da hannuna na sa sunanka cikin riba. Ka yafe min. Kar ka turo ko sisi, ni na ci ni zan biya.

Mahaifiyarka, Tabawa

Laranto, 12 ga Oktoba

Salamu alaikum Babana. Ina fatan ka tashi lafiya, ya aiki? Nan kowa lafiya.

An gama. Kwasar adashina sai Janairu, ta Ana wannan watan, ta yarda muka yi musanya. Kwasar ba ta isa ba, sai na faɗa wa Mwadkon gaskiya, ya ce in cika da kuɗin kayansa, in biya shi ƙarshen wata. Ban je wajen mai POS ba. Da ƙafata na shiga banki, na bi layi, na biya duka, na ce yarinyar da ta karɓi kuɗin ta rubuta min a takarda cewa babu saura. Ta yi dariya amma ta buga hatimi.

Na ba direban motar Kaduna rabin buhun dankali, ka tare shi a tasha gobe da la'asar. Dubu talatin ɗinka kuma zan turo kafin Disamba, kar ka yi min musu.

Ka ce in ci gaba da riƙe katin, na ji. In dole ta sa na taɓa shi, ranar nan zan kira ka, kuma a biya duka kafin ashirin da biyar ga wata, na rubuta ranar a bangon ɗaki. Farin Gada dai ba zai sake ganinsa ba. Yana ƙasan akwati, cikin leda ɗaya da katin asibitin mahaifinka.

Allah ya tsare min kai, ya rufa maka asiri.

Mahaifiyarka, Tabawa