Ranar da Na Mayar da 'Yan Tsaki Cikin Ƙwai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, da fatan kina cikin ni'ima a makwancinki, na zo miki da labari. Da kina raye da tuni na shiga motar Ajingi na ba ki shi baki da baki.

Wannan takarda da hannuna na rubuta ta. Kin bar ni ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Bayan rasuwarki na shiga ajin manya a nan Gaya, shekaruna talatin da ɗoriya, da goyo a baya. Yanzu ina karatu, amma sannu-sannu, kamar mai ratsa gona bayan an ɗauke ruwa.

Jikarki, takwararki, ita ce ta tayar min da hankali. Ummi muke ce mata, don bakina ba zai iya kiran sunanki ba. Shekararta shida. Malamarsu ta aiko min cewa yarinyar ta san haruffa sarai, amma in an ce ta karanta sai ta sunkuyar da kai ta yi gum. Na ce shi ke nan, ni ta gado. Kin tuna in an miƙo min takarda a asibiti sai in ce idona ke ciwo? Ba na so ta tashi da irin wannan ƙaryar a baki.

Malamar tasu ta ba mu aron wani ɗan littafi mai hotuna, ta ce in riƙa zama muna karantawa tare. Kwana uku yana cikin kwalla ban taɓa shi ba. Tsoro nake kada in yi tuntuɓe a gabanta, ta ga uwar ma ba ta iya ba, ta ƙara kulle bakinta.

Ranar Laraba bayan la'asar na yi ta maza, na shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, na kira ta. Na yi bisimilla. Kin san ke kika fara koya wa hannun nan buɗe littafi, ranar da kika miƙa min izu na farko. Na san ta inda ake buɗe na boko, an koya mana, amma ranar tsoro ya sa hannu ya koma gidansu. Na buɗe shi yadda ake buɗe Alƙur'ani, wato ta bayansa, ban lura ba.

Na ga kaza da 'ya'yanta. Na ɗora yatsa na karanta, "Ga 'yan tsaki." Na juya, "Ƙwai ya fashe." Na sake juyawa, sai ga kaza kwance a kan ƙwai lafiyayyu. Ina gumi, ina cewa a raina wannan wane irin labari ne. Da muka kai ƙarshe, kaza ce ita kaɗai tana tono a bola.

Ummi ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Mama, cinye su ta yi?" Can sai ta gane. Ta kife a kan tabarma tana dariya, tana cewa, "Kin mayar da su cikin ƙwai. Ba ta nan ake farawa ba."

Kunya ta rufe ni. Na so in ce na bar tukunya a wuta in tashi. Sai maganarki ta faɗo min: kowa ya iya tuƙa tuwo ya taɓa yin mai gudaji. Na miƙa mata littafin na ce, "To, Malama Ummi, fito min da su."

Ta juya shi, ta gyara zama, ta ɗora ɗan yatsanta. "Ka-za ta yi ƙwai." Muryar ƙasa-ƙasa, sai ta fara tashi. Wata kalma ta tsaya mata, muka raba, ni rabi ita rabi. Da ta kai kan 'yan tsakin ta ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Biyar cif. Allah Ya so su ina nan."

Ashe babanta ya dawo daga gona, yana tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Bai yi motsi ba sai da ta gama. Sannan ya ce, "Wa ya kunna rediyo a gidan nan?"

Tun daga ranar kullum muna kan tabarmar nan bayan la'asar. Mun gama na kaza, mun yi na wani jaki mai taurin kai, wanda ta ce wai kama yake da jakin Kawu. Makon jiya Malama ta tare ni a hanya ta ce Ummi ta ɗaga hannu a aji, ba wanda ya sa ta.

Ba zan ɓoye miki ba, har yanzu da sauran fargaba. Na san rana na zuwa da littattafanta za su fi ƙarfina. Na faɗa mata haka jiya muna ɓare gyaɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Sai ni in karanta, ke ki riƙa juya mana shafi. Amma ta gaba fa, Mama."

Allah Ya jiƙanki, Inna, Ya yalwata makwancinki, Ya sa Aljanna ce gidanki. Ya buɗe ƙirjin wannan yarinya da karatun allo da na boko, Ya sa muryarta ta kai inda tawa ba ta kai ba. Amin.

Taki har kullum,
Hadiza, daga Gaya