Ƙorafi kan Mahfuzu mai fenti da kwabar furata

Zuwa ga Mai girma Magajin Garin Tamaske,
Gundumar Keita, Jihar Tawa.

Daga Zuhura, matar marigayi Mahamud, mai saida fura a bakin tasha.

Ranar Litinin, 17 ga Fabrairu, 2025.

Game da: Ɓarnar da Mahfuzu mai fenti ya yi mani.

Ranka shi daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa, ni ban yi lakkwal ba, ban san boko ba. Faɗi nike ana rubutawa, kuma na hana a tausasa ko kalma guda.

1. Ranar 6 ga Janairu na kira Mahfuzu ya sabunta fentin ƙofar ɗakina da kwabar katako da nike ajiye ƙoren fura da nono. Maigidana ya zo da kwabar daga Abijan. Kowace Sallah shina shafa mata duk fentin da ya samu, wani bisa wani, har ta yi ɓawo, ga hayaƙi da maiƙo.

2. Na ce ma Mahfuzu ya kankare har sai katako ya fito. Ya yi mani dariya, wai tsohuwa ta tsaya ga damunta. Bai kankare ba, bai ko wanke maiƙon ba. Ya tsinka fentinsa da gazuwal, man manyan motoci, don ya yi auki, ya lafta, ya tafi.

3. Fentin bai bushe ba. Ya kama tsohon fentin da ke ƙasa, suka riƙa saɓulewa tare kamar fatar wanda ya ƙone. Ɓarɓashi shuɗi da kore na zuba cikin nono. Warin gazuwal ya shiga ƙoren da na gada wurin uwata, na wanke da toka, na shanya, a banza.

4. Direbobin da suka girma da furata sun koma wurin wasu. Wata ta tofar da ita gabana. Ranka shi daɗe, tun kafin a haifi Mahfuzu nike dama fura a garin nan, ba a taɓa tsintar ko gashi ciki ba.

5. Da na aika masa, bai zo ba. Sai ya bi majalisa shina cewa ƙazantata ce ta hana fenti kamawa. Wannan maganar ta fi ɓarnar ciwo. Ga azumi ya ƙarato, lokacin da mai fura ke samun na shekara.

Don haka, cikin ladabi, ina roƙon hukuma ta kira shi. Kuɗinsa ba ni so. A sa shi ya fito da kwabar ƙofar gidana ranar kasuwa, ya durƙusa ya kankare ta da hannunsa, jama'a na kallo. Sannan mai shela ya zagaya ya faɗi cewa laifin nasa ne, furar Zuhura tsarkakakkiya ce. Na ji kuma shina neman aikin ƙofofin lakkwal. A zo a ga tawa tukuna.

In an ga watan azumi Mahfuzu bai zo ba, na tara ɓawon fentin cikin ƙwarya. Duk gidan da ya kira shi aiki, can zan zauna da ita bakin zaure. Ƙafafuna na ciwo, amma za su kai ni.

Allah shi ƙara maka girma da adalci.

Taka mai biyayya,
Zuhura ta Mahamud
(ta dangwala yatsa)