Sun Ce a Ba Su Bashir

Assalamu alaikum Sani, aminina,

Na san wasiƙar nan ba za ta isa hannunka ba, amma duk London ban ga wanda zan iya gaya wa maganar nan ba sai kai.

Gida lafiya. Matarka Hajiya Rabi na nan a gidanku na Peckham, har yanzu ta ƙi taɓa kujerarka. Matar ɗanka Bashir ta kusa haihuwa.

A kan Bashir ɗin ne na ɗauki biro. Wata ƙungiyar ƙwallon kwando can arewacin ƙasar nan tana son a ba ta shi, ta ba mu samari biyu. Ni ne kocin ƙungiyarmu, ba za a yi ba sai na sa hannu. Ranar Juma'a da azahar wa'adin zai cika.

Kwana huɗu ina auna abin, kaina har ciwo yake. Babu mai karanta wasa kamarsa. Idan yara suka rikice, kallo ɗaya zai yi musu su nutsu. Amma shekarunsa talatin da biyar, Sani. Gwiwar hagun nan ta gama aiki. Idan aka ƙwace ƙwallo, kowa ya koma tsaron gida, shi yana tsakiyar fili yana jan ƙafa. Samarin nan kuwa gudu suke kamar an biyo su. Da su za mu iya tsira daga faɗawa ƙaramin rukuni bana. Da shi, ban sani ba.

Ka tuna a asibiti, da ka kama hannuna ka ce ga Bashir nan amana? Na ce maka a hannuna zai yi ritaya. Wa ya aike ni faɗin haka? Ka san ni da saurin baki tun muna ɗalibai a Bloomsbury.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Ba masu waccan ƙungiyar ne suka kawo sunansa ba. Ni na kawo. Na ga ya zauna bayan atisaye yana ɗaure gwiwa, na fita na buga musu waya. Kunya ta hana ni kallon idonsa tun ranar.

Da kai ne, me za ka yi? Riƙon amana shi ne in ajiye shi a benci yana tsufa a gaban yara? Ko in tura shi inda za su sa shi wasa, nesa da uwarsa da jaririn da za a haifa masa?

Zan sa hannu, Sani. Amma ba zai ji a waya ba. A wurinmu babba ake fara sanarwa, don haka yanzu zan hau jirgin ƙasa na Overground zuwa wurin Hajiya. Na san za ta kawo min tuwo. Ba zan ci ba sai na faɗa mata, in ta ɗauke kwanonta ta yi daidai.

Allah Ya kai haske kabarinka. Ka yafe min in na yi kuskure.

Naka da ka bar wa amana,
Garba