Na Fasa Simintin da Ɗana Ya Yi Mini

Malam mai shawara, assalamu alaikum. Ka taimake ni da magana, gidana ya ɗau zafi kuma kowa ni yake ba laifi.

Shekaruna saba'in da huɗu. Na yi fataucin albasa tsakanin Illela da Konni har gwiwa ta ce ta gaji. Tun da uwar 'ya'yana ta rasu, ba abin da ke fito da ni daga ɗaki sai dara. Bayan la'asar abokaina su hallara, Maccido ya zo daga Kalmalo yana ƙarnin kifi, Idi ya ƙetaro daga Konni, mu tona gurabe a rairayin ƙofar gida, ni da tsinke, su da tsakuwa. Ba caca muke ba, kuma ana kiran salla muke tashi. Idi dai ɗan maguɗi ne tun muna samari, amma na saba da abina.

To, na tafi Sakkwato aikin ido, kwana tara. Ina dawowa na tarar babban ɗana Abdulmalik ya malale wurin da siminti tun daga zaure har bakin hanya, ya ajiye mini kujera mai laushi da talabijin, wai bai dace uban Alhaji kamarsa ya riƙa zama cikin ƙasa mutane na wucewa ba. Mi ƙasar ta yi? Ai cikinta za a sa ni. Maccido ya zo sau biyu, muka zauna jugum kamar masu jiran likita, bai sake dawowa ba. Idi ko leƙowa bai yi ba.

Wata guda na daure. Ranar Lahadi na ari diga na fasa kusurwa ɗaya da hannuna, kuma wallahi ban yi nadama ba. Yau kwana goma sha biyu Abdulmalik bai shigo gaishe ni ba, shi da bai taɓa fashi ba. Ƙannensa sun ce na kunyata shi a unguwa. Haƙuri kam ba zan ba shi ba, ni na haife shi. Sai dai kullum da safe kunnena na kan ƙofa. Ya zan yi?

Tsoho Mai Tsinke, Illela

Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya jiƙan Inna, ya ƙara wa idon lafiya.

Kana da gaskiya a kan dararka. Abin da ke tara dattijo da abokansa, bai hana shi salla ba, ba abin da za a rufe da siminti ba ne, kuma da Abdulmalik ya tambaye ka kafin ya kira magini da ba a zo nan ba. Amma Baba, digar nan ta yi ƙara. Shi gata ya nufa, sai ya wayi gari an farfasa kyautarsa a idon unguwa. Ban ga alamar raini ba, kunya ce ta hana shi shigowa.

Ba sai ka ba shi haƙuri ba. Ka aika a kira shi, ku biyu kawai. Ka fara sa masa albarka kan simintin da kujerar, sannan ka faɗa masa abin da ka faɗa mini game da ɗakin nan tun bayan rasuwar mahaifiyarsa. Ina kyautata zaton bai taɓa jin wannan daga bakinka ba. Kusurwar da ka fasa kuwa, ka bar shi ya kawo magini a gyara bakinta, a zuba rairayi mai laushi, a kafa rumfa. Kai ka samu filinka, shi kuma aikin ya zama nasa.

Ku kuma, 'ya'ya masu son gyara wa iyaye zama, ku fara tambayarsu abin da ke sa su dariya.

Ranar da za a buɗe filin, ka zaunar da Abdulmalik a ƙasa ka miƙa masa tsinke, ka bar Idi ya yi masa maguɗi ko sau ɗaya. Allah ya daidaita tsakaninku, ya bar ka da abokanka.