Baba Ya Ce Sabon Raket Ba Ya Son Hagu

Assalamu alaikum Anti. Don girman Allah ki taimake ni, ki daure ki karanta wannan har ƙarshe, ko da kin ga kamar shirme nake zubawa. Na san masu rubuto miki da manyan matsaloli suke zuwa, ni kuwa maganar raket na kawo, wato abin buga ƙwallon tanis. Kar ki yi dariya. Wallahi kaina ya ɗaure, na rasa wanda zan faɗa wa ya fahimce ni.

Mahaifina tsohon malamin wasanni ne a makarantar sakandare, kuma wasan tanis shi ne rayuwarsa. Shi ya riƙe mini hannu na koyi bugu tun ban kai tsawon raga ba. Da Mama ta rasu, filin tanis ne ya riƙe mana shi. Sai ya wuni a ɗaki bai ce uffan ba, amma da la'asar ta yi zai sa farin wandonsa, ya ɗaure takalmi, ya tafi wajen abokansa, tsofaffi irinsa, su yi ta bugu suna tsokanar juna har rana ta faɗi. Ya dawo da gumi da labari, ya ci abinci sosai. Yanzu a gidana yake zaune, kuma shi ke kai mini yara biyu makaranta a motarsa, don aikina a gidan burodi ne, da sassafe nake fita.

Tsohon raket ɗinsa ya sha jiki. Fenti ya gama zubewa, mariƙin ya sha naɗi har ya yi kauri kamar ƙotar gatari, abokansa na ta ce masa ya kai shi gidan tarihi. Shi ne na yi ƙoƙari na sayo masa sabo. Ba don ni na saya ba, Anti, raket ne na gaske. Ba shi da nauyi, kansa yana da faɗi, ko ba ka samu ƙwallon a tsakiyar igiya ba sai ta tafi inda ka aika ta. Idan ka same ta daidai kuwa, wata ƙara yake yi tas, har cikin ranka za ka ji daɗi, kuma ba ya girgiza maka gwiwar hannu irin na da. Ranar farko Baba ya dawo yana ta murna, ya ce bugunsa na dama ya koma kamar lokacin yana saurayi. Har addu'a ya yi mini a gaban yara.

Ba a jima ba sai ƙorafi ya fara. Wai raket ɗin ba ya son hagu. Duk ƙwallon da ta zo masa ta dama sai ya maida ta kamar harsashi, amma ta hagu sai ta wuce shi. Ya kai wa mai ɗaure igiya ya ce a ƙara tamke su. Aka tamke, ya ce sun yi tauri. Aka sassauta, ya ce sun yi laushi. Aka canza igiyoyin gaba ɗaya, aka ƙara naɗi a mariƙi, aka manna ɗan ƙarfe a kai don ya yi nauyi, duk a banza. Ƙarshe Baba ya ce wa mutumin bai iya aikinsa ba, mutumin da ya yi shekara da shekaru yana ɗaure masa igiya. Tsofaffin filin kuma kowa ya zama masani. Wannan ya ce raket ɗin na yara ne, wancan ya ce kan ya cika faɗi shi ya sa iska ke riƙe shi. Abokin wasansa, wanda suke kira Dogo, shi ke shan wahala idan suna wasan bibbiyu, yana ta gudu da ciwon gwiwarsa yana tare wa Baba ƙwallayen da ya bari. Tun da na san su Baba ne ke tsayawa a dama, Dogo a hagu. Kwanan nan Baba ya ce su yi musaya, wai sabon raket ya fi jin daɗin ɗaya gefen.

Ni da farko haushi na ji. Na ce na ɓata kuɗina na sayo abin da ba ya yi. Sai wata Asabar na bi shi fili, na ce ya ba ni sabon in gwada, shi ya riƙe tsohon. Anti, ni da na daɗe ban yi wasa ba, bugun bayan hannu, wato na hagu, ya yi ta fita mini lafiya lau, ƙwallo na sauka daf da layi. Raket ɗin ba abin da ya same shi. Baba kuwa da tsohon nasa a hannu, wanda ya sani kamar tafin hannunsa, ƙwallon hagu ta ci gaba da wuce shi. Sai ya ce ai sabon ne ya riga ya ɓata masa hannu.

Na koma kan benci na zuba masa ido, shi ba raket ba. Abin da na gani shi ya hana ni sukuni. Ba makara yake yi wajen kai bugu ba. Idan ƙwallon ta bi ta hagunsa, ko motsi ba ya yi. Yana tsaye ƙyam, sai ya ji ƙarar faɗuwarta a ƙasa sannan ya juya kai da sauri yana nema.

Daga nan ne abubuwa suka fara dawo mini. Kafaɗarsa ta hagu da yake yawan bugewa da ƙofar falo, yana cewa kafinta ne ya sa ta a karkace. Kofin shayin da zan ajiye masa a hagu ya yi ta tambaya ina shayinsa. Madubin motarsa na gefen hagu da ke lilo an ɗaure da roba, wai wani mai babur ne mara hankali ya goge shi.

Na yi ta maza sau ɗaya, na ce Baba ko za mu je a duba maka ido. Da na dawo aiki sai na tarar da raket ɗin a jingine a ƙofar ɗakina. Ya aiko ƙaramar 'yata ta ce mini in riƙe abina, tun da raket ɗin ya shigo gidan nan shi Baba bai huta ba. Ya daina yi mini magana, ya daina zuwa fili, ya koma zaman ɗaki irin na bayan rasuwar Mama, abinci ma sai ya taɓa ya ture. Ni ce na je na ba shi haƙuri, na ce ai raket ɗin ne, kowa ya sani. Na yi masa ƙarya da bakina don ya ci abinci. Washegari ya ɗauki abinsa ya tafi fili.

Da a nan abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da yin shiru. Amma jiya yarana suna ta gardama a kan wanda ya ci wasan Kaka. Na ce wane wasa? Suka ce Kaka ya koya musu wani sabon wasa a mota. Idan an zo mararraba, su biyun za su leƙa ta tagar hagu, duk wanda ya fara ganin mota ko babur ya yi ihu, shi ya ci. Babban ya ce shekaranjiya shi ya ci, don saura kaɗan wata babbar mota ta taɓa su, Kaka har alewa ya saya masa. Anti, bayi na shiga na rufe ƙofa na yi kuka.

Maigidana ya ce in karɓe makullin motar kawai, magana ta ƙare. Yayana da ke wani gari ya ce in daina tsorata kaina, zai aiko da wani raket ɗin mai nauyi irin na da. Ni kuwa na san idan likita ya ce ba tuƙi ba tanis, na kashe mahaifina da hannuna, don ba abin da ya rage masa sai su. Idan kuma na yi shiru, yarana ne a bayan motar. Ina son Baba, ina tsoronsa, ina kuma jin haushinsa, har ina jin kunyar haushin. Wani lokaci sai in ce da ma ban sayi raket ɗin nan ba. Anti, ya zan yi?

Daga 'yarki da ta rasa tudun dafawa.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ban yi dariya ba, kuma kin yi daidai da kika rubuto.

Bari mu fara da abin da ba ya jira. Daga gobe yaranki ba za su ƙara shiga motar nan Baba na tuƙi ba. Ki nemi wata hanya, ko maigidanki ya kai su, ko maƙwabta, ko ki roƙi a sauya miki lokacin aiki na ɗan wani lokaci. Shi ma Baban bai kamata ya tuƙa ba sai likita ya duba shi, don akwai 'ya'yan wasu a kan titi. A nan maigidanki ya yi gaskiya. Inda ban bi shi ba shi ne fizge makulli kamar an kama ɓarawo. Dattijon da ya koyar da ɗaruruwan yara ba a yi masa haka.

Na biyu, ni ba likita ba ce, ba zan ce miki ga ciwon ba. Amma mutum ya daina ganin gefe guda ba abin jinkiri ba ne. Yana iya zama daga idon, yana iya zama daga wani wuri a jiki, kuma wasu daga cikin irin waɗannan ana iya tsayar da su idan an je da wuri. A cikin makon nan za ku je asibiti, ba wata mai zuwa ba. Idan kuwa kika ga bakinsa ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a take za ku tafi. Ki lura da wannan: ke kina tsoron likita zai raba shi da fili. Shirun da kike yi ya fi likita saurin raba shi da shi. Kuma kar ki yanke hukunci kafin a duba. Tuƙi wataƙila ya tafi. Tanis kuwa, da abokai masu haƙuri da ɗan gyaran yadda ake wasa, ba mamaki ya daɗe yana yi, idan likita ya yarda.

Ki daina cewa da ma ba ki sayi raket ɗin ba. Da tsohon ne a hannunsa, kowa zai ce tsufa ne, a wuce wurin. Sabon ya yi aikinsa da kyau a dama, shi ya sa rashin hagun ya fito fili har kika gani. Ki gaya wa yayanki ya riƙe nasa raket ɗin, ya zo da kansa ko ya kira ranar asibiti.

Yanzu ki dubi ɓangaren Baba. Kina ta neman yadda za ki sanar da shi, alhali ya riga ki sani. Wanda bai sani ba, ba ya musayar gefe da Dogo, ba ya kuma ƙirƙiro wa jikoki wasan leƙen taga. Tsoro yake ji, tsoro mai yawa, kuma shi kaɗai yake ɗauke da shi. Muddin laifin raket ne, akwai gyara: a tamke, a sassauta, a canza igiya. Shi ya sa ya riƙe maganar gam. Wannan bai wanke shi daga sa yara cikin haɗari ba, kuma haushin da kike ji ba abin kunya ba ne. Amma ki je masa da sanin cewa mai tsoro za ki tarar, ba mai taurin kai kawai ba.

Kar ki yi maganar a fili, ko a gaban yara. Kar ki kuma koma musu a kan raket, ba za ki taɓa cin wannan gardamar ba. Ki same shi ku biyu, ki gaya masa abin da yaran suka faɗa miki, ki ce kin tsorata, kuma ba ki son rasa shi kamar yadda kika rasa Mama. Ki ce ranar kaza za ku je asibiti, ke za ki kai shi. Zai iya yin fushi, ya rufe ɗaki, ya ture abinci. Ki daure, ki ci gaba da kai masa, amma wannan karon kar ki sayi cin abincinsa da ƙarya. Ki kuma samu Dogo a gefe. Mutumin da ke gudu da ciwon gwiwa yana tare masa hagu ya daɗe da ganewa, kunya ce ta rufe masa baki. Ki roƙe shi ya riƙa zuwa yana ɗaukar Baba zuwa fili, ko da zama ne a benci, don kar rashin mota ya zama rashin abokai. In an kwana biyu, Baba ya je ya ba mai ɗaure igiya haƙuri.

Abu na ƙarshe, 'yata. Ranar da za ki yi masa maganar, ki ja kujerarki ki zauna ta damansa, inda zai ga fuskarki sosai. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare miki yaranki, ya ba ki ƙarfin zuciya.