Sunan Mai Walda a Bangon Kamfani

Harlingen, 3 ga Maris

'Yata Araceli,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mijinki. Ni dai ƙafar nan ce ke damuna, sai godiya.

Na ji wai ke aka ba aikin rubuta tarihin rokokin kamfani a bangon babban zaure, na cikar shekara ashirin. Kin san mu goma sha ɗaya ne muka fara, a rumfar kwano. Ni na yi waldar tankin roka ta farko, wadda ta faɗa teku, da ta biyu, wadda ta fashe kafin ta bar ƙasa. A kanta aka kore ni, wai waldata ce ta buɗe. Ban ga ta uku ta kai sama ba sai a talabijin ɗin wani shagon aski.

Ki sa sunana cikin na farkon nan. Shi kaɗai nake roƙo kafin in mutu.

Ubanki mai ƙaunarki,
Eusebio

Brownsville, 19 ga Maris

Señor Eusebio Cantú,

Na gaishe ka. Takardarka ta iso.

Yau kuma ni ce 'yarka? A kamfanin nan da sunan mijina aka san ni, kuma haka nake so. Ranar da Mamá ke jan numfashin ƙarshe, sau huɗu na buga maka waya. Ka ce in jira a gama gwajin tanki. Ina da shekara sha biyar, ni na rufe mata ido. Tankin da ka zaɓa kuwa ko awa ɗaya bai yi a cike ba ya fashe.

Sunaye goma ne a bangon. Ƙarƙashin roka ta biyu na rubuta: "Ta fashe saboda kuskuren walda." Ka ga ka shiga tarihi.

Ka huta lafiya,
Araceli Villarreal

Harlingen, 24 ga Maris

'Yata,

Ina gaisuwa. Maganar mamarki gaskiya ce, ba ni da bakin musu, kuma kullum tana cina. Amma na rantse da kabarinta, waldata ba ta buɗe ba. Bayan an sallame ni an sake bincike, ba wanda ya faɗa mini abin da aka gano. Rahoton yana ɗakin ajiya, makullin kuma yana hannunki. Ki karanta kawai, don Allah. Ko a kasuwa har yau "mai fasa roka" ake ce mini.

Ubanki,
Eusebio

Brownsville, 2 ga Afrilu

Papá,

Barka da war haka. Tun bara na karanta rahoton. Wani bututun mai ne ya tsage, waldarka lafiya lau take. Ka iya aikinka, ban taɓa shakka ba.

Jiya aka buɗe bangon, yadda na rubuta shi. Kada ka sake aiko mini takarda.

Araceli