Ya Mayar da Ciwon Baba Abin Dariya, Tasharsa Kuma a Kan Layina Take

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin a taimaka a sakaya sunana, ko da yake na san duk ɗan Ajingin da ya karanta sai ya gane ni. Don Allah ku ba ni shawara, zuciyata ta kawo iya wuya, kuma abin da nake shirin yi, in na yi shi ba ya gyaruwa.

Ni mutumin Gafasa ne, ina da shagon caji da turin finafinai a bakin kasuwar Ajingi. Akwai ɗan ƙanin mahaifina, bari in kira shi Nafi'u. Yana shekara huɗu ubansa ya rasu, Baba ya ɗauko shi, kwano ɗaya muka ci, tabarma ɗaya muka kwana. Shekara uku da suka wuce ya zo min da maganar shi da abokansa 'yan dirama na Gaya da Balan za su buɗe tasha a intanet, tunda yanzu an daina sayen faifai, kowa fim mai dogon zango yake saki sati-sati. Lokacin wayarsa rakani-kashi ce, ba ta hawa intanet, sai na buɗe musu da imel ɗina da layina, na miƙa masa faswod, na manta da zancen. Allah ya sa tashar ta karɓu, Nafi'u ya koma Kano, yanzu ko ruwan sama ake yi da baƙin gilashi yake yawo.

Bara lokacin cirar gyaɗa hawan jini ya kayar da Baba a gona. Ya tashi, amma ɓarin dama ya shanye, ƙafa sai ja, hannu yana rawa, baki ya karkace har sai da ya rataya hankici a wuya saboda yawu. Duk da haka jam'i bai taɓa wuce shi ba, tun kafin kiran salla yake fita don ya samu sahun gaba. A wannan lokacin Nafi'u ya tsiri zuwa duk sati, ya zauna da Baba tun hantsi har la'asar, ya raka shi masallaci. Innarmu tana ta sa masa albarka, ni har kunya nake ji, ɗan riƙo ya fi ɗan ciki. Ashe darasi yake ɗauka.

Da suka saki sabon fim ya turo min, wai Yaya a taimaka a yaɗa. Mu masu turi ba kallo muke ba, sai na riƙa zuba wa mutane a waya ranar kasuwa, wasu ma kyauta, ina cewa na ƙanina ne. Sai a sati na uku wani kwastoma yana ƙyaƙyata dariya ya juyo min da wayarsa, ya ce in ga wani tsoho sak babana. Wallahi Nafi'u ne da kansa, ya manna gemun auduga, yana jan ƙafa, hannu yana rawa, ga hankici a wuya, har yadda Baba yake fara sallama ta maƙale masa a rabi. Sunan tsohon a fim ɗin Baba Ja-ƙafa, kuma aikinsa bin zawarawa da satar ƙosai. Alhali Baba mutum ne da ya aurar da 'ya'ya shida ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Na kira shi, ya ce ai fim ne, kuma ba Baffansa kaɗai ne mai shanyewar jiki a duniya ba. Na ce ya cire tsohon, ya ce duk kashin da tsohon ya fito shi ya fi samun masu kallo, in ya cire shi fim ya mutu. Na faɗa masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba, shi kuma ya ce hassada ce take cina don na ƙare a caji. Bayan sati biyu aka gayyace shi wani fodkas a Kano, mai shirin ya tambaye shi inda ya samo wannan tafiyar, ya ce wani tsoho ne a ƙauyensu, wata uku ya yi yana nazarinsa. Ya miƙe ya gwada musu, suna tafi. Wani tsoho fa! Mutumin da ya goya shi zuwa asibitin Gaya lokacin da ƙyanda ta kusa kashe shi.

Magana ta zagaya gari, matasan majalisar mai shayi suka fara kiran sunan in Baba zai wuce. Ranar nan ya ce in nuna masa, na ƙi, ya ce umarni ne. Ya kalla har ƙarshe, ya goge bakinsa, ya miƙo min wayar ya ce, “Ya iya. Har hannun.” Tun daga ranar Baba bai sake taka masallaci ba, a zaure yake salla shi kaɗai, yana jin kabbarar liman.

Satin da ya wuce wata lambar sirri ta shiga tashar ta shigo wayata, sai ga kiran Nafi'u bayan wata biyu ba ma magana, murya a sanyaye, wai sun sayi sabuwar kwamfuta, Yaya a turo masa lambar. A nan na tuna. Ban tura ba, na shiga na duba, har yau ni ne mai tashar. Ga wurin gogewa nan ina kallo, dannawa biyu ce, aikin shekara uku ya tafi da mabiyansu duka. Kuma na san yawancin tsofaffin finafinan ba su ajiye ba, shi ya taɓa faɗa min gogewa suke saboda sarari. Ba zan ɓoye muku ba, so nake ya tashi da safe ya buɗe ya ga wayam, ya ji yadda ake ji in abin da ka dogara da shi ya shanye.

Abokina ya ce rama cuta ga macuci ibada ce. Inna kuwa kuka ta sa min, ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Sannan akwai mutum takwas da suke ci a tashar nan, mai kyamararsu ma da ita ya yi aure, kuma an ce ya hana Nafi'u tun farko bai hanu ba. Abin da ya fi ci min rai, ko na goge, wanda na tura wa mutane da hannuna yana nan a wayoyinsu. Shi Baba bai san da zancen layin ba, jiya ma tambayata yake ko Nafi'u lafiya, ya daina zuwa.

Da na fara saukowa, sai ɗazu na ga tallan kashin da za su saki ranar Juma'a: tsohon ya zame ya faɗa kwata a hanyar masallaci, ana buga masa kiɗa. Wannan ya faru da gaske da damina, daga ni sai Nafi'u a wurin, mu muka ciro shi, yana roƙonmu kada mu faɗa wa Inna.

Yau Laraba. In goge, ko in tura masa lambar in bar shi da Allah? In mahaifinku ne, me za ku yi kafin Juma'a?